Waken da Ya Tsayar da Jirgin Suwizalan

Surukina direban jirgin ƙarƙashin ƙasa ne. Tun asuba yake shiga rami yana jan jama'a har la'asar. Ya dawo, ya ci tuwo, sai ya fita ɗan filin gidanmu ya durƙusa yana tuƙa wani jirgin kuma. Wannan ƙarami ne, bai wuce tsawon hannuna ba, ja wur, wai irin na Suwizalan ne mai aiki da lantarki. Mutum da furfura a gemu!

Shekarar da autata, matarsa, ta ɗauko ni zuwa unguwarsu ta Tremont a ƙasar waje ke nan. Filin bai fi tabarma shida ba, kuma layin dogon ɗan jirgin ya zagaye shi kaf. Ni kuwa wata 'yar Maraɗi da muke sahu ɗaya a masallaci ta ba ni irin wake, ina ta juya shi a ƙullin mayafi. Zafin garin nan gajere ne, in ba ka shuka da wuri ba sanyi ya riga ka.

Roƙon fili kuwa ba zan iya ba. Ni da surukina ba ma haɗa ido. Ya gaishe ni a durƙushe daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. Haka aka rene ni, shi ma haka aka rene shi a zangon Kumasi.

Wata Asabar na leƙa ta taga, sai ga shi yana kafa 'yan sanduna a jere, yana ɗaura musu siririyar waya. Na ce Allah sarki, yaron nan ya ji labarin wakena, kunya ta hana shi faɗa. Sandunan sun yi gajarta, amma ɗan birni ina ya san noma? Ban yi godiya ba, sai dai na ƙara masa nama biyu a miya. Da ya tafi Kumasi ganin gida, na bi gindin kowane sanda na binne ƙwaya uku.

Hannuna kuwa ba ya ƙarya. Kafin ya cika wata biyu ya dawo, wake ya hau waya ya yi fure.

Washegarin dawowarsa ya ɗora jirginsa a kan dogo. Ashe akwai wani ɗan hannu a kan jirgin da ke shafar wayar yana shan wuta. Jirgi ya taho da ƙasaita, hannun ya cafki yaɗon wake, ya yi ƙara, ya kwanta a gefe ƙafafu a sama.

Autata ta fito da ludayi. “Inna! Wayar lantarkin jirgi ce fa!”

“Ke da kike gani kullum, me ya hana ki faɗa?”

“Ina dawowa daga aiki da magariba, yaushe na leƙa?”

Yana tsugune can, ina tsaye nan, taku huɗu tsakaninmu. Na ce, “Gaya wa maigidan nan waken ya yi fure.”

Ta juya. “Ka ji dai.”

Ya ce, “Gaya wa Inna wayar daga Jamus aka aiko ta.”

“Gaya masa ban ga ta haifi komai ba sai da na zo.”

Kafaɗunsa suka soma rawa kamar mai danne dariya, ya sunkuyar da kai. Ni dai na san ko tsinke ba zan iya hana shi tugewa ba. Filinsa ne. Ya ɗauki jirgin, ya hure masa ƙasa, ya zare ganye daga ɗan hannun, ya daɗe yana kallon furannin.

Ya ce, “Tambayi Inna, saura kwana nawa a girbe?”

“Gaya masa sati biyar, in an ba shi ruwa.”

Jirgin Suwizalan ya koma kwali, direbansa ya koma ban ruwa kowace la'asar. Ranar da na gama tsinka na share waya, ya ɗaura wa jirgin tarago uku. Na cika su da wake, ya ja su a hankali har bakin ƙofar kicin, ya busa usur.

Da shekara ta zagayo ya kafa mini dogayen sanduna a jikin katanga, nesa da dogonsa. Na aika autata ta gaya masa wayar Jamus ta fi ba da wake.