Turawan da Inna Ta Ce Ba Su Ɓata Ba

A gidanmu na bene kusa da titin Fordham Road, a nan ƙasar waje, babu murhu, sai hitar ɗaki mai huci kamar buta a kan wuta. A gefenta Inna, mahaifiyar babana da ta zo jinyar ƙafa daga Kano, take tara mu bayan magariba. Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika: in tsokane ta, ta rama, ba mai fushi.

Wata rana, da Hausata mai ɗingishi, na ba ta labarin da aka koya mana a makaranta. Wani ɗan gaban goshin Sarauniyar Ingila ya tura mutane cikin jiragen ruwa su kafa gari a wani tsibiri na ƙasar nan da muke zaune, shi kuwa gogan ya yi zamansa a gida. Jagoransu ya koma Ingila ɗebo abinci, yaƙi ya tsare shi. Da ya dawo bai tarar da kowa ba, sai kalma ɗaya da aka sassaƙa a jikin itace.

Washegari Inna ta mai da shi tatsuniya. A bakinta, yunwa ce ta kora baƙin zuwa ƙofar 'yan asalin ƙasar. Aka zuba musu tuwon masara, aka ba su ɗaki, har aka yi auratayya.

"Ba ɓata suka yi ba, Maigida," in ji ta. "Jikokinsu na tsaye a bakin ruwa ana ƙwala musu kira. Yaren ne ba sa ji."

Ni da na ci jarrabawa a kan labarin, sai kaina ya kumbura. Na juya wajen ƙannena na ce da Turanci, wai tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba ce za ta koya mana tarihi. Suka kwashe da dariya.

Inna ta yi murmushi, ta gyara zama za ta rama. "Me ya ce?"

Ba wanda ya fassara. Ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafinta. Ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba har ta koma gida.

Na yi ta ɗaga neman gafara, gobe, jibi, har Hausar tawa ta zube gaba ɗaya. Da ciwonta ya tsananta aka haɗa mu a waya. Ta daɗe tana magana, sunana kawai na tsinta a ciki. Na miƙa wa Baba wayar ya roƙe ta a madadina, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse don kunya.

Hausar nan da kuke karantawa, bayan an binne ta na zauna na koya. Yanzu na iya cewa "ki yafe mini" tiryan-tiryan, sai dai babu mai amsawa.