Ranar da Gwaggo Odette Ta Hana Gahawa

Gwaggona Odette ta yi shekaru tana buga kartar poka da maƙwabtanta mata a barandarta a garin Zahle duk yammacin Alhamis, amma ba ta taɓa cin abin kirki ba. Da zarar kati mai ƙarfi ya shigo hannunta sai daɗi ya kama ta, ta hau tura wa baƙi gahawa da cincin ɗin dabino. Kowa ya gane, sai su ajiye katinsu su janye ba tare da sun zuba kuɗi ba.

Ranar da katin sarakuna huɗu suka zo hannunta, ina zaune a bayanta. Gahawar Violette, wadda ta fi kowa tsokanarta, ta ƙare. Gwaggo ta dubi kofin, ta kau da kai.

"Odette, ko a gidan makoki ana ba da gahawa fa," in ji Violette.

"Tashi ki dafa, ƙafarki lafiya lau."

Violette ta ɗauka haushin mummunan kati ne, ta tura duk kuɗin gabanta. Gwaggo ta baje sarakunanta, ta kwashe kuɗin, ta ruga kicin ta ɗora tukunya.

Ba ta sake yin haka ba. Ta ce kuɗin bai kai kunyar barin baƙuwa da busasshen kofi ba.