Gadon Tururin Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube. Amma sanyin shekarar da na tayar da gadon tururin mahaifiyata ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Na san wani zai ce mene ne kuma gadon tururi. Mahaifina mai walda ne a Jega, yawancin aikinsa haɗa gangunan da mata ke gumin shinkafa da su. A ɗakin Inna akwai gadon ƙasa irin na da, wanda tsofaffi ke hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin sanyi. Namu dai ba a sa masa wuta. A bayan ɗakin Baba ya girka wata 'yar ganga a kan murhu, ya fitar da fayif daga samanta ya ratsa bango, ya yi ta lanƙwasa shi a cikin gadon, sannan ya komo da shi gindin gangar. In ruwa ya tafasa sai tururi ya bi fayif, gado ya ɗau ɗumi, ɗaki ya ɗau ɗumi, babu hayaƙi ko na misali.

A cikin wannan ɗumi na tashi, shi ya sa ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. In faɗi gaskiya ma, da na fara girma kunyar sana'ar Baba nake ji, da baƙar rigarsa mai huje-hujen tartsatsi. Duk shekara in sanyi ya kusa yakan kira ni in riƙe masa wani abu a bayan ɗakin, ni kuwa in ce ina da karatu. Bai taɓa matsa mini ba. Na yi karatun, na zama malamin makaranta a Aliero. Baba ya rasu, tsatsa ta cinye gindin gangar, gadon ya koma dandamalin ƙasa mai sanyi kamar kowane.

Shekaru suka ja, sanyin ƙashi ya kama Inna a gwiwoyi da ƙugu. Gidanmu ta gefen fadama yake, sanyin wurin shiga jiki yake yi. Na sayo mata abin ɗumama ɗaki na lantarki, wutar kuwa ba ta zama. Aka koma kaskon gawayi, ya riƙa sa ta tari. Na roƙe ta ta dawo wurina Aliero, ta ce ɗakin da aka kawo ta tana amarya daga shi za a fitar da ita. Ƙanwata da ke aure kusa da ita ta kira ni ta ce, “Yaya, Inna fa a zaune take salla yanzu.”

Wata Asabar da hantsi na iso gida ban same ta a ɗaki ba. Na zagaya baya, sai ga ta tsaye ta dogara sanda, tana kallon ruɓaɓɓiyar gangar nan da kaji suka mayar wurin ƙwai.

Na ce, “Inna, me kike kallo?”

Ta ce, “Ba komi. Ina dai tuna ɗumi.”

Ba ta roƙe ni kome ba. Ni ne ɗanta na fari, alkunya ba ta barinta ta kira sunana, balle ta ce in yi mata wani abu. Amma maganar ta bi ni har Aliero, ta hana ni sakat a aji. Sati na zagayowa na ɗauko wani mai walda da na sani, muka fasa saman gadon.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in girgiza kai. Da muka tone, sai muka tarar tsohon fayif ɗin ba a miƙe yake ba, bakin da tururi ke shiga ya fi tudu, yana gangarowa kaɗan-kaɗan har mafita. Na ce ai ƙasa ce ta zauna da tsufa. Muka shimfiɗa sabon fayif sambal, har da aron ma'aunin magina don kada ya karkace. A saman tsohuwar gangar kuma akwai wani ɗan guntun bututu da aka ɗora wa ƙaton noti a baki, ba a ɗaure ba. Mai walda ya tambaye ni ko ya yi irinsa a sabuwar gangar da yake haɗa mana. Na ce a'a, ta nan tururi ke zurarewa a banza, a rufe ko'ina ruf. Ina ji a raina na gyara abin da tsoho bai iya ba.

Ranar gwaji muka cika ganga, na hura wuta da kaina. Ruwa na tafasa sai muka ji wani irin bugu daga cikin gadon, gwaf! gwaf! kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Rabin gadon ya yi zafi, rabi sanyi ƙalau. Na ce ƙila wuta ce ba ta isa ba, na ƙara ice. Gangar ta fara wani gurnani, murfinta ya kumburo. Sai na ji muryar Inna da ƙarfin da na daɗe ban ji ba: “Janye wutar! Janye wutar, kada ka kashe mu!” Da hannu na riƙa fizgo itacen ina watsarwa, yatsuna biyu suka ƙone. Mai walda kuwa tuni ya kai ƙofar zaure.

Da kome ya lafa, Inna ta shafa mini man shanu a yatsun ba tare da ta dube ni ba. Can ta ce, “Akwai abokin ubanku a Gumbin Kure. Tare sunka yi wanga aiki. In yana da rai, shi ka sanin kanshi.”

Washegari na kama hanyar Maiyama, inda Gumbin Kure yake. Na yi tambaya har aka kai ni gidansa. Na same shi a kan buzu a ƙofar gida, tsoho tukuf, yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin kome sai inuwa. Na gaishe shi, na faɗi ko ɗan wane ne ni. Ya kama hannuna ya riƙe ya daɗe bai saki ba, yana ta yi wa Baba addu'a. Da na ba shi labarin ɓarnar da na yi, bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, “Kun toshe wa gangar hanci?”

Na ce, “Wane hanci, Baba?”

Ya ce, “La'ilaha illallahu! Ɗana, Allah ya tsare ku. Ɗauko mani sandata.”

Da muka iso Jega, ya tsaya daga bakin ƙofa suka gaisa da Inna, suka yi wa juna ta'aziyyar mutumin da ya shekara da shekaru a ƙasa kamar jiya aka binne shi. Sannan ya sa aka sake fasa gadon. Ya durƙusa yana shafa fayif ɗin da tafin hannu tun daga farko har ƙarshe. Ya ce in kwance bakin sama in ɗura ruwa da buta. Na ɗura buta guda, ɗan kaɗan ya ɗigo ta ɗaya bakin.

Ya ce, “To ina sauran ruwanka? Yana ciki kwance. Tururi in ya huce ruwa yake komawa, ruwa kuwa gangara yake so. In ba ka ba shi hanya ba sai ya tare wa tururi gaba, su yi ta faɗa. Faɗan nan kaj ji. Karkacewar da kag gani ba tsufa ba ce, da gangan munka yi ta.” Notin nan kuma, ya ce, in tururi ya yi yawa shi ke ɗaga shi ya fita ya koma ya zauna. Shi ne hancin ganga. Ni da nake koya wa yara kimiyya a allo, na tsaya ina jin darasi daga bakin mutumin da bai taɓa shiga aji ba.

Da azahar ƙanwata ta kawo mana tuwon shinkafa, muka zauna gindin dalbejiyar ƙofar gida. Yana cikin ci ya ce, “Ka san don wa anka yi gadonga?”

Na ce, “Don Inna mana.”

Ya yi dariya. “Don kai anka yi shi.”

Ya ce cikin tsananin sanyi aka haife ni, ɗan mitsitsi, ƙirjina na kuka. In an hura wuta a ƙarƙashin gado hayaƙi ya shaƙe ni, in an kashe in sandare. Mutane har sun fara cewa wannan ba mai zama ba ne. Baba na zaune a bakin aikinsa yana kallon tururin gangar gumi, sai dabara ta zo masa. Ya rufe rumfarsa, su biyu suka duƙufa. Sau biyu abin yana ƙi. A karo na biyun ne, kafin su gane zancen hanci, murfi ya tashi, tururi ya ɗaye wa Baba fatar hannun hagu. Na san tabon nan, fari sol daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Duk tsawon rayuwata na ɗauka walda ce. Tsohon ya ce Baba ya naɗe hannun da tsumma ya koma aiki a ranar, yana cewa yaron ba zai jira hannu ya warke ba.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Inna ba za ta yi zancen ɗan fari ba, Baba kuwa ba mai magana ba ne. Sai na tuna duk lokutan da ya kira ni bayan ɗakin nan na ce ina da karatu. Wataƙila da na je ko sau ɗaya, muna tsugune mu biyu, da ya faɗa mini da bakinsa.

Kwana uku muka yi muna aiki. Tsoho na zaune a kan turmi yana ba da umarni, mai walda na yi, ni ina miƙa kaya. Aka mayar da gangarar fayif, aka yi wa ganga hanci. Mun kuma ƙara abin da babu a da: muka naɗe fayif ɗin waje da buhu muka shafe da laka don kada zafi ya tsere, muka gina murhun da ke cin buntun shinkafa maimakon ice, tunda buntu ba ya wuya a Jega. Da aka gaya wa tsoho ya ce, “Da ubanka ya ga wanga, da ya ce don mi bai tuna ba.”

Sai da muka bar laka ta bushe. Ranar da za a kunna, bayan la'asar, Inna na zaune a bakin gado ta rufa da zane biyu. Ruwa ya tafasa. Babu bugu, babu gurnani, sai wani ɗan sauti daga cikin gadon, ƙas, ƙas, ƙas, na ƙarfe yana miƙewa, can kuma noti ya yi tsalle a waje ya ce fush ya koma. Ina jin sautin nan sai ƙuruciyata gaba ɗaya ta faɗo mini, har kamar in waiwaya in ga Baba ya leƙo ta taga yana tambaya ko ya fara zafi.

Inna ta ɗora tafin hannunta a kan gadon, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Sannan ta matsa gefe ta ce, “Zamna nan.” Rabon da in zauna gado ɗaya da ita tun ina yaro. Muka zauna, ɗumi na ratsa mu, har aka kira magariba.

Sanyi biyu ta yi a kan gadon nan, har ta koma salla a tsaye, kafin Allah ya karɓi abinsa. Tsohon Gumbin Kure ma bai daɗe ba ya bi su. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Abin da na koya shi ne, in ka tarar da wani abu a karkace a aikin magabata, kada ka yi saurin miƙe shi, tambaya tukuna. Kuma ka yi tambayar tun masu amsa suna da rai. Ni na yi sa'a na samu mutum ɗaya da ya rage. Amma wanda na fi so in tambaya, wanda na fi so in ce wa na gode, ya riga ya tafi da tabonsa bai ji ko ɗaya daga bakina ba.