Kafaɗata da Jarrabawar 'Yar Fari

Ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, mu kuma asalinmu Kano, ko da yake a unguwar Gwange aka kawo ni aure, a nan na haife ta. Yadda na taso na ga ana yi, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki. Da aka yaye ta sai ta koma ɗakin surukata, Hajiya, can take ci, can take kwana. Ni "ke" nake ce mata. Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa.

Saboda haka labarin faɗuwarta ma ba ni aka faɗa wa ba. Ina kicin ina soya turaren wuta na sayarwa, na jiyo ta a tsakar gida tana gaya wa Hajiya. Tana shekara ta huɗu a karatun fisiyo, abin da mu muke cewa gashin ƙashi. Ta ci duk jarrabawar takarda, amma ta faɗi ta aiki da hannu. An ba ta wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki ta tayar da ita daga gado zuwa kujera, saura kaɗan matar ta zube. Malamarsu ta ce wai tana riƙe mara lafiya kamar tukunya mai zafi, da kan yatsu, tana nesa nesa. Za a sake mata nan da mako biyu. Idan ta kuma faɗuwa, sai dai ta nemi wani fannin.

Hajiya ta ce, "To ki gwada a kan ƙawayenki mana."

"Duk sun tafi hutu, Hajiya. Ko ke za ki kwanta mini?"

"Ni? Ƙashin nawa da ya rage ki ƙarasa? Je ki nemi wani, likitar tausa."

Suka yi dariya, amma dariyar yarinyar ba ta kai ciki ba. Turaren ya ƙone mini ran nan.

Kwana huɗu ina kallonta ta taga. Takan ɗauki matashin kai ta rungume, ta tashi da shi, ta zaunar da shi a kujera. Matashi ba ya da nauyi, ba ya jin tsoro. Ni da sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci ban san sunayen jijiyoyin da ke littafinta ba, amma wannan kam na gane ba zai yi ba. Babanta yana kasuwa tun safe, ƙannenta maza suna makarantar kwana. Duk gidan ba wanda ya rage sai ni.

Akwai kuma abin da na ɓoye. Kafaɗata ta dama ta yi wata biyar a riƙe. Ba na iya ɗaga hannun ya wuce kunnena, ɗankwali da hagu nake ɗaurawa. Mai koyon gyaran irin wannan ciwo tana cikin gidana, na kasa buɗe baki.

Ranar Asabar Hajiya ta tafi suna unguwar Jiddari Polo. Na ga fitarta, na ji tashin keken da ya ɗauke ta. Na yi ta kai da kawowa har aka kira la'asar. Da na idar da salla, ban bari na sake tunani ba, na leƙa na ce, "Ke, zo."

Ta tsaya a bakin ƙofa, don ba ta saba shiga ɗakina ba.

Na ce, "Shigo. Ga ni. Ki yi abin da za su ce ki yi."

"Yaya, ai ba sai..."

"Kafaɗar nan ma tana damuna. Fara da ita."

Ta matso, ta ɗora yatsu biyu. Da ƙyar na ji su. Ta ɗaga hannun a hankali, da ya kai inda yake tsayawa na ja numfashi. Nan take fuskarta ta canza.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Tun kafin azumi, ina cikin gidan nan?"

Sai na ji ta kama gwiwar hannuna da tafinta duka.

Sai muka zo kan abin da ya kayar da ita. Ta ce in zauna a bakin gado, in ɗauka ɓarina na dama ya mutu, in saki jiki gaba ɗaya, ita za ta tayar da ni. Ta durƙusa a gabana, ta zagayo da hannuwa bayana, amma tsakaninmu mutum zai iya wucewa. Ta ƙirga uku, na miƙe tsaf.

"Yaya, ke kika tashi da kanki."

Muka sake. Na kuma tashi da ƙafafuna. Sau biyar muna yi. Ba wuta, zafin la'asar ya cika ɗakin, gumi yana zuba mana. Sai na gane ashe ba ita kaɗai ke da matsalar ba. Ita ta kasa matsowa, ni na kasa sakin jikina a kanta.

A na shida na rufe ido na saki. Na ji na tafi ƙasa, sai na ji ta cafke ni, ƙirjinta a nawa, haɓata a kafaɗarta. Rabon da in ji ƙanshin kanta tun tana goye. Muna tsaye haka, ba mu kai kujera ba, ba mu koma gado ba, sai muka ji sallamar Hajiya a bakin ƙofa. Ashe zafi ya koro ta da wuri.

Da ta sake ni da na faɗi, don haka ba ta sake ni ba. Ni kuma na rasa inda zan sa fuskata. Hajiyar nan ita ta karɓi yarinyar daga hannuna ran yaye, ita take yabona wurin dangi cewa surukarta akwai kunya. Ta tsaya da ledar kayan suna a hannu tana kallonmu.

Can ta ajiye ledar. Ta ce, "Haka aka koya muku a jami'ar? Tokare gwiwarta da taki, kar ta lanƙwashe. Kakanki shekara uku ina tayar da shi, ban taɓa kayar da shi ba." Ta juyo gare ni. "Ke kuma tunda kin zubar da kunyar, ai sai ki zubar da nauyin duka. Ku koma, ku sake."

Ta sa aka turo ƙofa, ta zauna a kan darduma, ta zama malama. Kullum bayan la'asar haka muke yi har kwanakin suka cika. Hajiya ba ta ƙara tada zancen kunya ba, amma kwana biyu ba ta haɗa ido da ni.

Ranar jarrabawar ban iya hura wuta ba sai da yamma. Na share tsakar gida sau biyu. Duk keken da ya tsaya a layinmu sai na leƙa. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Gab da magariba ta shigo da farar rigarta a naɗe a hannu, ta wuce ni, ta nufi ƙofar Hajiya kamar kullum. Na tsaya a kicin riƙe da ludayi, ina sauraro.

Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Hajiya, wani dattijo suka ba ni, ya fi Yaya nauyi sau biyu. Na zaunar da shi lafiya. Malama ta ce in dawo aji."

Na ce alhamdu lillahi a cikina, na juya wa ƙofa baya ina goge ido da gefen zani. Ban ji shigowarta ba, sai dai na ji an zare ludayin daga hannuna, an kama gwiwar hannun.

Ta ce, "Yau ba mu yi na kafaɗa ba. Ɗaga, Yaya."

Na ɗaga. Ya wuce kunnen da kaɗan.