Matar da Ta Sa Direbobi Cire Takalmi

Kafin motar farko ta tashi daga tasha, Sista ta riga ta fito da 'yar kujerarta ta ajiye a ƙofar ɗakin shan magani na ƙungiyar direbobi. Ɗakin bai fi shago ba: gado ɗaya, kabad, da fanka mai ƙara. A gefenta akwai baho da tawul da abin yanke farce. Duk direban da ya zo wucewa, in dai ta san yana da ciwon suga, gaisuwarta ɗaya ce: "Ina kwana, Malam. Cire takalmi." Tun suna jin haushi har suka laƙaba mata suna, yanzu ko matansu Cire-Takalmi suke ce mata. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Ni 'yar direba ce. Babana ya tsufa a kan sitiyari, ya ajiye tuƙi da ciwon suga a jikinsa da katin asusun lafiya na ƙungiya a aljihunsa. Kowa na zuba wani abu a asusun duk wata, in ciwo ya zo a nuna kati a asibiti, asusu ya biya. Ana nan magani ya yi tsada, gadon asibiti ya yi tsada, asusu ya fara numfashi sama-sama. Kwamiti ya duba inda kuɗi ke zurarewa, sai ga shi yawanci a ƙafafun tsofaffi ne. Mai ciwon suga in ya daɗe, ƙafarsa takan daina ji. Ƙusa ta soke shi, ko zafin injin mota ya ƙona masa tafin ƙafa, bai sani ba sai gyambo ya ci ya yi wari. Daga nan sai kwanciyar watanni, wani lokaci har a yanke ƙafar. Shawarar da aka kawo ita ce a cire waɗanda suka ajiye aiki daga asusun, don masu ƙananan yara su tsira.

Ba zan zagi kwamiti ba. Ma'ajin da ya karanta shawarar, kawunsa na cikin waɗanda za a cire. Amma ranar da labarin ya iso gidanmu, Baba ya zauna a tsakar gida yana juya katin nan a hannu, ya ce wa Mama, "To, wai mun yi musu tsada." Ni na san tsoron da ya kama ni. Ɗinki nake yi, abin da nake samu ba zai riƙe shi mako guda a asibiti ba.

A taron da za a yanke hukunci Sista ta miƙe. Waɗanda suka halarta sun ce ba ta yi dogon bayani ba.

"Ku ba ni shekara guda kafin ku cire kowa. Ba na neman ƙarin albashi. Ku dai sa doka, duk mai suga ya nuna min ƙafarsa kowane mako."

Wani daga baya ya ce, "Sista, kin kuwa san abin da ke cikin safar direba?"

Aka kwashe da dariya. Ta ce, "Na sani mana. Shi ya sa a waje zan zauna."

Aka ba ta shekarar, rabi don kunya, rabi don ba wanda ke son ya fara ɗaga hannu.

Cikin masu taurin kai, babana ne sarki. Ya ƙi zuwa, sai ita ta biyo shi gida da bahonta. Ya ce, "'Yar nan, na haife ki fa. Ni zan miƙa miki ƙafa?" Ta ce, "Ba sai ka miƙo ba, Baba, ni zan durƙusa." Ta durƙusa kuwa. A tsakanin yatsunsa ta tarar da wata tsaga har ta fara ruwa. Baba ya leƙa, ya ce, "Wallahi ban ji komai ba." Ta ce, "Ai shi ne ciwon." Ta wanke ta ɗaure, sannan ta kira Mama ta koya mata aikin: a zazzage takalmi kafin ya saka, a tsane tsakanin yatsu, a taɓa ruwan wanka da hannu kada ya gwada da ƙafa, kada kuma a bar shi yawo ba takalmi. Mama ta karɓi aikin hannu bibbiyu. Ta ce, "Shekara da shekaru yana ba ni umarni, yau Allah ya kawo nawa."

Haka ta bi gida-gida har matan direbobi suka zama ma'aikatanta ba albashi. Ba kowa ta ceto ba. Dogo, wani direban babbar mota, ya ɓoye nasa gyambon don kada a hana shi tafiya, har aka yanke ƙafar. Matarsa ta faɗa min Sista ta yi kuka a bakin ɗakin tiyata kamar ɗan'uwanta ne. Da aka sallame shi, ita ce ta fara sallama a gidan, ta ce ya kawo ɗayar ta duba.

Shekara ta zagayo, masu kwanciya asibiti saboda ƙafa suka ragu sosai. Tsadar magani ba ta sauka ba, dole aka ɗan ƙara abin da kowa ke zubawa, aka yi ta ƙorafi. Amma ba a cire tsoho ko ɗaya ba, kuma har yau maganar ba ta sake tasowa ba.

Ke ce, Sista, kika sunkuya inda kowa ke toshe hanci. Ke ce mai baho da tawul, wadda ta sha zagi da tsokana ba ta fasa durƙusawa ba. Ba ki taɓa ce wa kowa ya gode miki ba, to yau ni na gode, a madadin 'ya'yan da ba su sayar da keken ɗinkinsu ba. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya ba ki masu kula da ke in naki tsufan ya zo.

Ku kuma masu riƙe da irin wannan asusu, kafin ku fara neman wanda za ku cire, ku nemi inda ciwon ke farawa, ku sa mutum a wurin. Mai tsoho a gida, durƙusa yau ka duba ƙafarsa. Zai yi faɗa, bar shi ya yi.

Watan jiya yanar ido ta rufe wa Baba gani, likita ya ce sai an yi aiki. Na riƙe hannunsa muka taka har teburin karɓar marasa lafiya. Ya laluba aljihu ya miƙa katin. Ma'aikaciyar ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Bismillah, Baba, shigo."