Tuffar Baban Ladi da Baƙin Mai

Shekara bakwai ke nan da Ubangiji ya kira maigidana, Baban Ladi, amma bana ce na fi jin rashinsa, kuma saboda bishiya.

Daga Jos ya zo da dashen tuffa a cikin bokiti, ya kafa ta daidai kan iyakar filinmu a Unguwar Boro. Mutane suka yi ta dariya, wai tuffa a zafin Kaduna! 'Ya'yanta ƙanana ne, ga tsami, amma ita ce shaidar inda gidanmu ya tsaya, don ba mu taɓa yin katanga ba.

In zai sare babban reshe, sai rani ya yi. Yakan yanka a karkace don kada ruwa ya kwanta, ya bar ɗan wuya jikin gindin, ba ya shafa komai. Yakan ce bishiya ta san yadda take rufe ciwonta, in dai an bar mata wannan wuyan.

To, a tsakiyar daminar nan na dawo daga coci na tarar maƙwabcinmu, Oga Sunday mai walda, ya sare reshen da ya leƙa gefensa. Ya yanke shi tas har jikin gindi, bai bar ko ɗan wuya ba, ya kuma mulka baƙin man mota a ciwon.

"Maman Ladi, magani ne fa, don ƙwari," in ji shi, har da dariya.

Na ce, "Sannu da aiki, likita."

Wataƙila da zuciya ɗaya ya yi. Amma me ya sa sai ranar Lahadi, da ya san ba na gida? Kuma bulon da ya jibge a bayan shagonsa, ina za shi? In tuffar ta bushe, wa zai nuna iyaka? Da Baban Ladi na nan, ba zai yi faɗa ba. Zai shafa yankan da yatsa, ya dubi mutumin, shi ke nan ya gane.

Maigidana bai bar mana dukiya ba, amma ya bar mini wannan idon. Ni da 'yata Ladi mun kankare man da wuƙa. Gefe ɗaya sabon ɓawo ya fara tasowa, ɗaya gefen har yau baƙi ƙirin.

Murhuna dai na dawo da shi kusa da tuffar, don in sa mata ido. Nan nake girki, nan nake tsinar shinkafa. Coci ma, sai Ladi ta dawo daga sujadar safe nake fita.