Kek ɗin Hajjo Ba Ƙwai Ba Man Shanu

Duk Gwandu an san yayata Hajjo da abu biyu: kek da taurin kai. Kek ɗin a wurin wata maƙwabciya ta koya tun tana amarya, taurin kan kuwa da shi aka haife ta. Ba ta da injin gashi. Tukunya ce da yashi a ciki, garwashi a kan murfi, sai gwangwanaye goma sha biyu da suka yi baƙi ƙirin. Inda wasu ke sa bota, ita man shanu take sawa, wanda danginmu ke kawo mata daga ruga wajen Dalijan. Alfaharinta ɗaya ne: shekara talatin, baƙo bai taɓa fita gidanta bai ci abin hannunta ba.

Sai autarta Huseina ta gama jami'a a Kalgo, ta ce za ta kawo malamarta gaisuwa, wata Ba'indiya da ta tsaya mata kamar uwa. Amma fa malamar ba ta cin nama, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu.

"Ba ta lahiya?" in ji Hajjo.

"Lafiyarta lau, Inna. Tausayin dabbobi take ji."

"Mu da munka tashi cikin shanu ba mu tausai nasu? To mi taka ci, ciyawa?"

Na ce a dafa mata shinkafa da wake a huta. Wa ya aike ni! Hajjo ta ce matar da ta riƙe mata ɗiya kek za ta ci, kuma ni ce mai ɗanɗanawa.

Sati biyu na sha azaba. Kek na farko, da ta cire ƙwai, ya ruguje kamar tsakin masara. Sai ta ce ai kuɓewa ma tana da yauƙi, ta daka busasshiya ta zuba. Wannan ko akuyarta shinshinawa ta yi ta wuce, ni aka sa na cinye. Na yi fushi, na yi yaji kwana biyu, ta aiko aka dawo da ni. A gwaji na tara aka dace: nunanniyar ayaba maimakon ƙwai, ruwan aya maimakon madara, man gyaɗa, da ɗan ruwan tsamiya don ya tashi. Wallahi ya yi daɗi. Ban gaya mata ba, don haushi.

Ranar zuwan, Huseina ta bugo waya sun taso daga Kalgo. Kek yana shan iska a faifai, ya yi jawur. Hajjo ta kai hannu za ta gyara ɗankwali, sai na ga ta tsaya tana shinshina yatsunta.

"Hadijatu, da mi nis shahe gwangwanayen ga?"

Ƙwaryar man shanu tana nan a buɗe gefen murhu. Hannu ya yi abin da ya saba shekara talatin, bai yi shawara da kowa ba.

Na ce, "Yaya, shafawa ce kawai! Wa zai sani?"

"Ni nis sani," ta ce.

Na yi magiya, na yi faɗa, na tuna mata kuɓewar da na ci. Ko kallona ba ta yi ba. Ta juye kek ɗin duka a kwano ta miƙa maƙwabta ta katanga, idonta cike da ƙwalla. Ba sauran ayaba, ba sauran lokaci.

Da malamar ta iso, dabino da soyayyar gyaɗar kasuwa aka ajiye mata. Ta ci dabino bakwai, tana ta godiya da 'yar Hausarta, har ta ƙulla saura a jaka. Baiwar Allah ba ta san an yi komai ba. A ƙarshen watan ta koma ƙasarsu.

Har yau in na ce, "Ai dai ta ci a gidanki," sai Hajjo ta harare ni.

"Na Allah tac ci," take cewa. "Ba ta ci nau ba."